Kiran da Kake So In Yi Maka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Sama'ila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka Luba da yara, da fatan sanyin ƙasar nan taku bai karya ku ba. Allah Ya tsare ku a gida da waje, Ya tsare ku a kan hanya, Ya raba ku da sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Ni ina nan yadda ka bar ni, sai abin da ya ƙaru na gwiwa da ido. Labarin gari ba zan ba ka ba. Kana da waya, kuma sau da yawa daga Kanada nake fara jin rasuwar mutumin da ke unguwa ɗaya da ni a nan Birnin Kebbi.

Saƙonka na murya ya iso. Alhaji Lamidi ne ya kunna mini, don ni har yau in na taɓa wayar nan hancina take nuna mini. Ka san Lamidi, Bayaraben nan mai sayar da kayan gini a bakin kasuwa, wanda ya zo garin nan yana saurayi ya tsufa a cikinmu. Shi kaɗai ya rage mai leƙo ni bayan la'asar. Tare muka saurara, kuma shi zai ɗauki hoton wannan takarda ya aiko maka. In ka ga rubutun ya karkace, laifin ido ne, hankalina kuwa ƙalau yake.

Bari in maimaita abin da ka faɗa, don kada gobe ka ce tsoho bai fahimta ba. Ka ce tun da ka kwashi iyalinka zuwa Kanada ba a bar ka ka taɓa mara lafiya ba, domin takardarka ta Rasha da duk shekarun da ka yi kana tiyata a garin nan ba su wadatar da su ba. Ka ce ka zauna jarrabawarsu ka ci, amma horon da ke biye da ita wurinsa kaɗan ne, kuma matasa aka fi ɗauka. Ka ce yanzu kaya kake kai wa mutane gida gida a mota. Ka ce wani asibiti a wani ƙaramin gari can arewacinsu ya ba ka aikin mataimakin likita, suna jiran amsarka kafin wata ya ƙare. Sannan ka yi gyaran murya irin wadda kake yi tun kana yaro in za ka roƙi abin da ka san bai kamata ba, ka ce, "Baba, da za ka ce in dawo saboda jikinka, da na dawo. In kai ka kira ni ba wanda zai ce komai."

Lamidi ya ajiye wayar ya dube ni ya ce, "Malam, wanga ɗa naka wayo gare shi. So yake ka rubuta mashi takardar hutu irin wadda su likitoci ka ba ma'aikata. Ciwon naka, hutun nashi."

Na ce, "Rufe mani baki, Bayarabe."

Ya ce, "Na rufe. Amma shayin ga naka babu sukari, shi ma Kanada ya tahi?"

Na yi dariya, amma da ya tafi raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai gama hucewa ba. Sama'ila, ka haura hamsin. Furfurarka ta kusa kamo tawa. Mutum ne kai da ya buɗe cikin mutane da wuƙa ya ɗinke suka tashi suka koma gona. Lokacin da za ka tafi ba ka nemi shawarata ba. Da biza a aljihu ka zo, ka durƙusa ka ce in yi maka addu'a, na yi. A lokacin kai babba ne mai yanke wa kansa hukunci. Yanzu da abu ya ƙi, ka koma ƙaramin yaro mai jiran umarnin ubansa? Kuma ba shawara kake nema ba, da shawara ce da ka tambaye ni wanne za ka ɗauka. Mayafi kake nema. So kake ka sauka a garin nan, duk wanda ya ce "Likita, an dawo?" ka ce "Wallahi tsoho ne ya matsa, jikin nasa ba daɗi," a ce Allah Ya yi maka albarka, maganar ta mutu a nan.

Kada ka ɗauka ba na so. Ba zan yi maka ƙarya ba, tun da na ji maganar nan kalmar "dawo" take bakina. Gidan nan ya yi mini yawa. Ina yin yini guda ban yi magana da kowa ba sai rediyo, ita kuma ba ta amsawa. Kwanan baya na zame a bayi, na daɗe a ƙasa ina tunanin ta yadda zan tashi, sai da na ja jiki na kama bakin randa. Ƙanwarka Hajo tana zuwa daga Argungu in ta sami dama, ta share, ta yi faɗa, ta ce in koma wurinta, in ce mata ba zan je in mutu a gidan suruki ba, ta tafi tana kuka. Gidanka na unguwar Gesse kuwa ranar da aka wuce da ni ta can a Keke na ga ciyawa ta kai rabin ƙofa. Duk wannan gaskiya ne, kuma da na ce "dawo" ba ƙarya na yi ba. Shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Ka san inda ke mini ciwo, nan ka taɓa.

To saurara. Ka san labarin Ibadan. Mahaifiyarku, Allah Ya ji ƙanta, takan ba ku shi duk ranar da na ɓata mata rai, amma ita wurin da ke ba ta dariya take tsayawa. Ina koyarwa a firamare a Argungu aka zaɓe ni zuwa kwas na ƙarin ilimi. Aka raka ni tasha kamar mai tafiya Makka. Da na isa sai na tarar ni ne babba a ajin, kuma ni ne na baya. A Argungu in na yi Turanci tsayawa ake yi a saurara, a can in na buɗe baki sai a ce in maimaita. Gwajin farko na faɗi. Ruwa kullum, tufafi ba sa bushewa, abincin ya ƙi zama a cikina. Babu abin da ya same ni da bai sami wasu ba, ni dai ban saba zama na baya ba ne. Sai na rubuta wa ƙanin mahaifina na ce ya lallashi Baba ya kira ni gida. Kakanka ya sa aka rubuto cewa ƙafarsa ta kumbura, babu mai duba gida da gona, in dawo. Ƙafar kuwa ta kumbura, amma duk damina takan kumbura. Na kai wa shugaban kwalejin takardar ina wani sunkuyar da kai. Ya ce in jure zuwa ƙarshen zango. Na ce masa a wurinmu uba ba ya kira a ce masa sai an jima. Na dawo, aka yi ta sa mini albarka a gari, wai ɗan kirki ya bar karatu saboda ubansa.

Nan mahaifiyarku take tsayawa, ta ce ruwan Ibadan ne ya koro ni. Ga sauran. Waɗanda suka jure suka dawo da takarda, aka yi ta ɗaga su. Ɗaya daga cikinsu, wanda muka tafi a mota ɗaya, shi aka turo ya duba ajina, ya zauna a baya yana rubutu ina koyarwa. Daga ranar, kullum safiya in na je gaishe da kakanka, in durƙusa, bakina yana cewa ina kwana, zuciyata tana cewa kai ka dawo da ni. Na san ni na roƙa. Sanin bai hana komai ba. Shi ma ba yaro ba ne, ya gane. Wata safiya ya ce mini, "Haruna, mi na yi maka? Kai ka ce in kira, na kira." Ina nan dai durƙushe. Ya ce, "To tashi ka tahi, gaisuwar ga taka tana sa mani ciwon kai." Har ya bar duniya ba mu sake hira irin ta da ba. Na yi masa duk hidimar da ɗa ke yi wa uba, amma bai sake jin daɗin ganina ba, ni ma haka.

Abin da kake so ka jawo mana ke nan. Za ka dawo, a yi wata guda ana murna, Hajo ta yi waina. Sannan ka tuna 'yarka Nana tana tsakiyar jami'a a can, ƙannenta sun saba da makarantarsu, Luba ta sami aikin da take riƙe gidan da shi. Ko ka tumɓuke su duka ka dawo da su, ko ka bar su can kai kana nan. Duk wanda ka yi, akwai ranar da za ka miƙo mini magani ka dube ni da idon da na dubi ubana. Ni na san idon nan, na yi shi. Ba na so a yi mini shi a 'yan kwanakin da suka rage. Shawarata ta farko ke nan: duk abin da za ka yi, ka yi shi da sunanka. In za ka dawo, ka ce na gwada bai yiwu ba, na dawo. Ana faɗin haka a rayu, ba ya kisa.

Na biyu. A saƙon naka ka lissafa hanyoyin da ke gabanka kamar mai lissafa cututtuka. Kowace ka faɗa sai ka bi ta da "amma". Aikin mataimakin likita, amma wanda za ka yi aiki a ƙarƙashinsa sa'ar ɗanka ne, kuma sai ya sa hannu kafin maganin da ka rubuta ya fita. Koyar da ɗalibai masu karatun aikin asibiti, amma ba cikakken malami za a kira ka ba. Aikin bincike inda ake gwada sababbin magunguna, amma takardu ne da kwamfuta. Gajeren kwas na ɗaukar hoton ciki, amma wannan aikin waɗanda kake aika wa marasa lafiya ne a da. Ofishin kiwon lafiyar jama'a, amma sai ka koma aji. Ƙasashen Larabawa inda aka ce za su karɓi takardarka, amma sai ka rabu da iyali. Ko ka ci gaba da jiran wurin horo shekara bayan shekara, wannan kaɗai ban ji ka sa masa "amma" ba, kuma shi ne ya fi kowanne cancantarta. Haba Sama'ila! Mutumin da ke da ƙofofi har haka yana kuka an rufe shi? A tsakanin duk waɗannan ka zaɓi ɗaukar kwalaye zuwa ƙofar mutane, don a can ba wanda ya san kai wane ne. Ba na raina aikin, halal ne, Allah Ya sa masa albarka. Amma ba don shi aka tura ka Rasha kana saurayi ka sha sanyi ka koyi yarensu ba.

Kuma ka manta ne? Da ka dawo daga Rasha a nan ƙasarmu ma sai da aka sa ka zauna jarrabawa kafin a yarda kai likita ne, sannan ka yi aiki a ƙarƙashin mutanen da kake dawowa gida kana cewa ba su kai ka ba. Ka yi, ba ka mutu ba. Bambancin kawai a lokacin ba ka da furfura, ba ka saba a miƙe maka in ka shigo ba.

Ni na san wannan ciwon. Ina hedimasta aka fito da doka cewa duk mai riƙe da makaranta sai da takarda ta gaba da tawa. Aka ba ni zaɓi kamar yadda aka ba ka. Ko in koma kwaleji in zauna a benci ɗaya da yaran da na koya wa baƙi da wasali, ko in zauna a makarantar in riƙe aji a ƙarƙashin sabon hedimasta, ko in koma yaƙi da jahilci in koyar da manya, ko in riƙe sito a ofishin ilimi. Kowanne na duba sai na ga bai kai ni ba. Na rubuta takardar ajiye aiki, na kai, sannan na dawo gida na gaya wa mahaifiyarku. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Malam, ni dai ban sani ba, da kujerar kake koyarwa ko da baki?" Na ce mata ba ta san aikin gwamnati ba. Ta ce, "Gaskiya ne, tuwo na sani, kuma shi ma ba ya tambayar wa ad da kujera."

Na tafi Zauro na kama noman shinkafa, wai gara in zama shugaban kaina. Ban iya ba. Shekarar farko na bar irin ya tsufa kafin in dasa, kuma ganyensa ya yi kyau har na ƙi rage masa kai kamar yadda ake yi wa tsohon iri, iska ta zo ta kwantar da rabinsa a ruwa kafin ya kama ƙasa. Daga baya na koya, mun ci, kun yi karatu da ita. Amma ba asarar shinkafa nake so in gaya maka ba. In na dawo daga fadama hanyata takan bi ta bayan wata makaranta. Sai in ji yara suna rera lissafi da ƙarfi, malaminsu ya ɗora su a kan kuskure, duk ajin suna maimaita kuskuren da murna. In tsaya a bayan katanga da laka a ƙafata, na san gyaran, ba ni da ikon shiga. Da na karɓi ajin nan da na raina, da ina ciki da alli a hannuna. Wanda aka ɗora a kaina da bai hana ni koyar da daidai ba, sa hannu kawai zai yi a rajista.

Shi ya sa a cikin duk abin da ka lissafa, idona yana kan asibitin ƙaramin garin nan. Ni ba likita ba ne, ban san dokokinsu ba, ka tambayi waɗanda suka riga ka bin hanyar su gaya maka ko tana ɓullewa zuwa cikakken lasisi ko ba ta ɓullewa. In tana ɓullewa, madalla. In ba ta ɓullewa, ka tambayi kanka shekara nawa suka rage maka kana iya tsayuwa a kan mara lafiya, ka ga ko kana da waɗanda za ka zubar a jira. Hannun mai tiyata da aka ajiye ba ya zama yadda aka bar shi, wannan kai ka taɓa faɗa mini game da wani abokin aikinka da aka kai ofis. Kuma garin da ya rasa likita har ya nemi mutumin Kebbi, mutanensa ba za su tambaye ka wa ke sa hannu ba. Matar da naƙuda ta zo wa cikin ƙanƙara so take a zo. Yaron likitan da za a ɗora a kanka kuwa, ka girmama shi a gaban mutane. Ranar da ya buɗe abin da bai taɓa gani ba sai a littafi, kai kuma ka gan shi sau ba adadi ba wuta ba isasshen jini, da kansa zai waiwayo ya neme ka. In ya waiwayo kada ka yi masa gori. Ka nuna masa, ka yi shiru.

In kuma ka duba ka ga jikinka ba zai ɗauki kwanan asibiti ba, to ka koyar. Ba ƙasƙanci ba ne, ubanka malami ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zaman jira da littafi a cinya, kana faɗa wa yara su yi shiru Baba yana karatu, shekara tana bin shekara.

Kuma kada ka yi irin tawa ka yanke sannan ka sanar. Luba ta kira ni kafin saƙonka, kada ka yi mata faɗa, gaisuwa ta yi, ni na tsare ta da tambaya. Ta ce ba ka ci, ba ka magana, in ta kawo zancen ƙaramin garin nan na arewacinsu sai ka ɗauki makullin mota. Matar nan tana juya tsofaffin Turawa a gadajensu tana wanke su don gidanka ya tsaya, ita da take da masu aiki a Gesse, kuma ban ji ta ce aikin bai kai ta ba. Ka zaunar da ita ka tambaye ta ko za ta iya garin, ko yaran za su zauna inda suke kai ka riƙa zuwa. Tana da baki a maganar fiye da ni.

Na uku, kuma a nan ina da hannu a halin da kake ciki. Ni na cika maka kai da sunan. Tun ranar da ka dawo da takarda ban sake zama a majalisa ba tare da na sako "ɗana likita" a zance ba, ko da zancen farashin taki ake yi. Na sa ka duba maƙwabta a zaure kana dawowa a gajiye, ba don tausayinsu kaɗai ba, don a gani ne. Da ka tafi Kanada na ƙara gishiri, na ce Turawa ne suka aiko a kai musu kai. Na san labarin ya iso maka, na kuma san shi ne rabin abin da ya hana ka faɗin gaskiya tun farko. Wannan wautata ce. Amma bari in gaya maka halin da majalisar da kake tsoro take ciki. Mafi yawansu suna maƙabarta. Cikin waɗanda suka rage, ɗaya ba ya ji, ɗaya ba ya gane 'ya'yansa, ɗaya kuma Lamidi ne, wanda ya riga ya ji komai da kunnensa. Na tambaye shi, na ce, "In aka ce Likita ya koma mataimaki, mi mutane za su ce?"

Ya ce, "Malam, wane mutane? Ni da na zo garin ga faranti nika ɗauka a kai ina tallar ƙusa, can gida kuwa an ce masu ina da shago. Da sunka gane, sun yi zance har kasuwa ta ci ta watse, sannan akuyar wani ta ɓace sunka koma kanta. Ka ce mashi ya kama aikinshi. In ya samu hutu ya zo ya duba mani wanga ƙugu, ni ban damu da wa ka sa hannu ba."

Ka ji. Mutumin da kake ɓoye wa fuska ƙugunsa ne ya dame shi.

Yanzu ga amsarka. Ba zan kira ka ba. Ba yau ba, ba in na sake faɗuwa ba, kuma na hana Hajo ta yi da sunana. In ka ji wani ya ce maka Baba ya ce ka dawo, ƙarya yake yi. Ƙofar gidan nan a buɗe take, in ka zo da ƙafarka da bakinka ka ce ka dawo don ka ga nan ya fi maka, zan yanka rago, asibitocin jihar nan kuma ba su ƙoshi da likitoci ba. Amma ba da ciwona za ka sayi tikiti ba.

Kuma tun da maganar jikina ka kawo, bari in ƙarasa maka ita. Kai ka san mu ba ma jiran kowa. Ranar da ta zo, kafin ka gama neman jirgi an yi mini wanka an kai ni an dawo. Saboda haka kada ka tara zuwanka don wannan ranar, ba za ka tarar da kowa ba sai tabarmi. Mai aiki yana da hutu, mai jira ne ba shi da shi. Ka karɓi aiki, ka yi musu watannin da suke so, ka ɗauki hutunka ka zo ina gane ka. Ka zo da Nana, ka ce mata mijinta na Kebbi ya ce in ta sake ta kawo masa Bature kishiya sai ya kai ƙara.

Abu ɗaya nake roƙo, shi ma ba umarni ba ne. Ranar da ka duba mara lafiyarka na farko a can, ka kira ni. Ba sai ka faɗi sunansa ba, ka gaya mini abin da ke damunsa da abin da ka yi masa, ko ban gane ba zan saurara. Akwai wata murya da kake yi in ka fito daga kan aiki, da sauri, kana haɗiye rabin kalma, kana jin yunwa. Tun da ka tafi ban ji ta ba. Wadda kake kira na da ita yanzu ta wani mutum ce mai ladabi da ban sani ba.

Hannuna ya gaji. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya sa ka karɓa ba tare da ƙunci ba. Allah Ya tsare ka a kan ƙanƙarar hanyoyinsu, Ya tsare Luba, Ya raya yara a kan addininsu. Allah Ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda ya taɓa, kowane ne shi. Na yafe maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, har da wannan saƙon naka. Ka ba mutanen nan amsa kafin wata ya ƙare.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna